Koyarwa ta intanet ta hannun ejansi: yaya ake gane na kirki?

Malama ta Asawase:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka riga ni shiga koyarwa ta intanet nake nema. Lissafi na karanta a jami'ar KNUST, na gama hidimar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan unguwar Asawase da ke Kumasi, Ghana. Albashin kun san yadda yake, kafin ashirin ga wata ya ƙare. Shi ya sa na fara cike fom a wuraren da ke haɗa malamai da ɗaliban ƙasashen waje, kuma wurare biyu sun amsa mini.

Na farkon ta WhatsApp suka neme ni. Sun ce dala 25 a awa, ɗalibai na nan suna jira, amma sai na tura sidi 400 ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kafin Juma'a, kuɗin rajista da horo. Na biyun ejansi ne da ya ce yana Ingila, fam 8 a awa, lissafin GCSE, wato jarrabawar 'yan sakandare ta can. Su ba su nemi ko kwabo ba, amma suna son hoton fasfo, da takardar 'yan sanda, da darasin gwaji na minti ashirin. Sun kuma turo kwantiragi mai tsawo da ke cewa ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, mai zaman kaina ce. Don Allah wanne zan bi, kuma me zan duba kafin in sa hannu?

Ɗan Aboabo:
Wa alaikumus salam. Yaya, na farkon nan kada ki tura musu ko sidi ɗaya. Damfara ce.

Malam na Tafo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiyar Ɗan Aboabo ne, amma bari in faɗa miki dalili, don gobe za su dawo da wani suna. Ejansi na gaske daga kuɗin da iyayen yara suka biya yake cin nasa. Wannan la'adar ita ce abincinsa, don haka bukatarsa ki shiga aji ki koyar. Wanda ya ce sai malami ya biya kafin ya ga ɗalibi, to malamin ne kasuwarsa, babu wani ɗalibi a ko'ina.

Ki sa lambar MoMo ɗin kamar za ki tura, ki tsaya inda suna yake fitowa. Sunan mutum ɗaya za ki gani, ba na kamfani ba. Sannan ki lura da wa'adin nan na Juma'a. Da gangan ake sa shi don kada ki samu lokacin tambayar kowa. Ki ɗauki hoton hirarku da lambar, ki kai rahoto wa hukumar tsaron intanet ta ƙasa, layinsu 292 ne, ana kira ana kuma tura saƙo.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, ni fa ban yarda duk inda aka kashe kuɗi damfara ce ba. Lokacin da na fara koyar da Turanci sai da na biya na yi kwas ɗin TEFL, na koyon koyar da Turanci, na awa 120, na kuma biya kuɗin takardar 'yan sanda. Ba don su ba da ba a ɗauke ni ba. Kada mu tsorata ta har ta ƙi kashe abin da ya zama dole.

Malam na Tafo:
Hajiya, ba mu saɓa ba. Tambayar ita ce hannun wa kuɗin yake shiga. Kuɗin takardar 'yan sanda sashen CID kika biya, suka ɗauki zanen yatsunki, takardar kuma taki ce, ko wannan ejansi ya ƙi ki za ki kai wa wani. TEFL ma ke kika zaɓi inda za ki yi. Abin da nake gudar mata shi ne ejansin da zai ce sai kwas ɗinsa, a farashinsa, kuma satifiket ɗin babu inda yake aiki sai wurinsa.

Maman 'Yan Biyu:
To a haka na yarda. Kuma ƙanwata, neman takardar 'yan sanda da na biyun suka yi alama ce mai kyau. A Ingila mai aiki da yara akwai binciken da ake masa, DBS suke ce masa. Wanda yake zaune a wata ƙasa kuma sai su nemi takardar 'yan sandan ƙasarsa. Ejansin da zai haɗa ki da yarinya 'yar shekara goma sha uku bai ko tambayi wace ce ke ba, wannan bai damu da yaran ba, ke ma ba zai damu da ke ba.

Malama ta Asawase:
Na gode ƙwarai. Na gwada lambar, sunan wani mutum ne ya fito. Na rufe wannan babin. Saura na Ingilan, ta yaya zan tabbatar akwai su da gaske? Ina jin nauyin tura hoton fasfona ga mutanen da ban taɓa gani ba.

Akanta na Sawaba:
Malama, wannan abu ne mai sauƙi kuma kyauta. Gwamnatin Birtaniya tana da shafin rajistar kamfanoni, Companies House. Ki rubuta sunan ejansin ko lambar rajistar da ke ƙasan kwantiragin. Za ki ga ranar da aka kafa shi, sunayen daraktocinsa, adireshinsa, da ko ya makara wajen shigar da lissafin kuɗinsa na shekara, da ko an ma rushe shi. Idan sun ce shekara goma suna aiki, kika ga watanni huɗu da yin rajista, sai ki tambaye su.

Amma kada ki ɗauka ganin suna a can ya wanke su. Yin rajistar kamfani a Birtaniya ba shi da tsada, ta intanet ake yi. Kuma 'yan damfara suna aron sunan kamfani na gaske. Don haka ki dubi imel ɗin da suke turo miki, abin da ke bayan alamar @ ya zama daidai da adireshin shafin kamfanin harafi da harafi. In Gmail ne, ki tsaya tukuna. Ni kafin in tura takarduna sai na ga fuskar mutum a Zoom ko Google Meet, ya amsa mini tambayoyi da bakinsa. In ejansi na nan gida ne kuma, ofishin rajistar kamfanoni ne wurin dubawa.

Wani abu kuma, ki tambaye su ko akwai malami daga Ghana ko Najeriya ko Kenya da ke aiki da su wanda za ki iya magana da shi. Abin da za ki tambaye shi ɗaya ne: kuɗinsa na watan jiya ya shigo, kuma yaushe?

Malama ta Asawase:
Na duba, suna nan, sun yi shekaru da rajista, imel ɗin ma ya dace. Alhamdu lillahi. To ga abubuwan da suka tsaya mini a kwantiragin, in fassara muku yadda na fahimta. Biya sai kwana talatin bayan ƙarshen wata. Idan ɗalibi ya soke darasi saura awa huɗu ko fiye, ba a biya na. Idan ni ce intanet ta yanke mini fiye da minti goma, kuɗin darasin ya tafi, kuma za a cire wani abu daga na gaba. Bayan kowane darasi sai na rubuta rahoto. Babu adadin awannin da suka yi alkawari. Kuma har shekara ɗaya bayan na bar su, ba ni da damar koyar da ɗalibin da suka haɗa ni da shi.

Malam na Tafo:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Damfara irin ta farkon nan ba ta da wuyar ganewa. Abin da ke cinye malamai shi ne ejansi na halal mai kwantiragi irin wannan.

Mu fara da kalmar mai zaman kanta. Ma'anarta babu albashin wata, babu hutun rashin lafiya, babu kuɗin fansho na SSNIT, babu kuɗin sallama. Laftof naki, data taki, wuta taki. Ran da suka ga dama za su daina turo miki ɗalibai, kuma ba korar ki suka yi ba tunda dama ba su ɗauke ki ba. Ba laifi ba ne a yi aiki a haka, ni ma haka nake yi, amma sai farashin awa ya ɗauki nauyin duk waɗannan.

Yanzu ki ɗauko biro. Darasi minti sittin. Za ki shiga minti goma kafin lokaci ki gwada kyamara da sauti. Shiri, tunda manhajar sabuwa ce a wurinki, a ce minti ashirin, kuma na rage ne. Rahoto minti goma. Minti ɗari kenan a kan fam 8. In kika raba, awarki ta gaske fam 4 da fenni 80 ce. Ba a cire data ba, ba a cire kuɗin cirewa da abin da canji zai ci ba, ba a sa darasin da aka soke ba.

Sokewar nan ita ta fi ci mini rai. Kin ware ƙarfe biyar na yamma, kin hana wani yaro na unguwa lesin saboda ita, sai ƙarfe goma sha biyu na rana saƙo ya shigo wai yaro yana da wasan ƙwallo. Ba ki da ko kwabo. Wurare da yawa ƙa'idarsu awa 24 ce, in an soke bayan haka a biya malami duka ko rabi. Ki nemi wannan.

Sai biya. Darasin da kika yi ranar 2 ga Satumba, wata zai ƙare ranar 30, a ƙara kwana talatin, sai ƙarshen Oktoba kuɗin zai taso. Kusan wata biyu kina ba su bashin guminki, alhali su tun kafin darasi suka karɓa daga iyaye.

Ɗan Aboabo:
Malam, duk da haka fa fam 8 ta fi abin da makarantun kuɗi na nan suke ba malami nesa ba kusa ba. In ta tsaya ciniki su ɗauki wani. Mutane nawa ke layi? Ni shawarata ta sa hannu ta fara, in ta samu gogewa ta nemi na gaba.

Malam na Tafo:
Ban ce ta ƙi ba, ƙanena. Cewa na yi ta san abin da take saye. Kuma tambaya cikin ladabi ba ta hana aiki a wurin mutanen kirki. In sun kore ta don ta tambayi ƙa'idar sokewa, ta huta tun da wuri.

Akanta na Sawaba:
Akwai tambayar da ba a yi ba, kuma ita ce ta farko a wurina: ta wace hanya za su biya? Da yawa daga kamfanonin nan PayPal kawai suka sani, shi kuwa mazaunin Ghana ba ya iya buɗe asusun karɓar kuɗi a can yadda na Ingila ke yi. Ki tambaya tun yanzu ko suna biya ta Payoneer, ko kai tsaye zuwa banki, ko ta kamfanonin aiken kuɗi da ke saukewa a MoMo. Ki kuma tambaya wa ke ɗaukar kuɗin turawa. In ta banki ne, bankunan da kuɗin ke bi ta cikinsu suna yankar nasu, a kan ƙaramin kuɗi kuma yankan yana da zafi.

Sannan kada ki gina rayuwarki a kan canjin yau. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14, masu karɓar kuɗin waje suka ji daɗi. A 2025 kuma daga wajen 15 ta sauko kusa da 10 cikin 'yan makonni. Wanda ya kama hayar ɗaki da lissafin 15, aikinsa bai ragu ba amma kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya tafi.

Ɗan Aboabo:
Maganar PayPal ai akwai dabara. Yara da yawa a nan suna aiki da asusun ɗan'uwansu da ke waje. Wasu ma shafin koyarwar gaba ɗaya da sunan na wajen suke buɗewa, su sa VPN don ɓoye ƙasar da suke, a raba kuɗi. Ba ina cewa yana da kyau ba, amma kamfanonin ne suka rufe mana ƙofa don kawai muna Afirka.

Ustaz na Akwatia Line:
Ɗana, rufe ƙofar zalunci ne, na yarda, kuma yana min ciwo kamar yadda yake maka. Amma ka dubi wanda ake yaudara. Uwa ce ta ga suna da hoto da takardar shaida, ta yarda ta bar ɗanta shi kaɗai a ɗaki da wannan mutum, alhali wani ne daban wanda ba a taɓa bincikarsa ba. Da 'yarka ce za ka yarda? Wannan kuɗin ni ba na son sa a cikin tukunyar gidana.

Maman 'Yan Biyu:
Ko a bar maganar halal da haram, asara ce. Ran da suka gane, rufe asusun suke yi da kuɗin a ciki, kuma ba ka da bakin magana tunda sunan ba naka ba ne. Na san wanda ɗan'uwan nasa ne ma ya riƙe kuɗin, zumunci ya lalace har yau. Kuma duk yabon da ɗalibai suka rubuta, wanda shi ne jarin malami a wannan harka, a kan sunan wani ya taru.

Ɗan Aboabo:
Na ji. Amma ku yarda ƙofofin da suka rage mana ba su da yawa.

Maman 'Yan Biyu:
Ba su da yawa, amma akwai. Kuma ya kamata Malama ta san iri biyu ne. Akwai ejansi irin wanda ya neme ta, su ke nemo ɗalibi, su ke sa farashi. Akwai kuma dandali irin Preply da italki, inda kai za ka buɗe shafinka, ka sa bidiyon gabatar da kai, ka yanka farashinka, ɗalibi ya zaɓe ka. A Preply kuɗin darasin farko da kowane sabon ɗalibi nasu ne duka, bayan nan la'ada tana farawa daga 33 cikin ɗari, tana sauka har 18 gwargwadon awannin da ka tara. A can kana da 'yanci, amma watannin farko za ka iya zama shiru babu wanda ya leƙo, don kana gasa da malamai na duniya duka.

Abin da na koya shi ne kada ka tsaya wa wuri ɗaya. A watan Yulin 2021 gwamnatin China ta fito da dokar da ta taƙaita lesin na kuɗi ga 'yan makaranta, ta kuma hana malaman da ke zaune a waje koyar da yaran ta intanet. Kamfanoni manya da ake ganin ba za su taɓa girgiza ba suka sallami malamai cikin 'yan watanni. Babu wanda ya yi laifi a cikin malaman nan.

Hajiya daga Leeds:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni a Alabar na tashi, yanzu ina Ingila, kuma ina cikin iyayen da ke biya, don haka bari ku ji ta ɗaya ɓangaren. Fam 30 nake biya wa ɗana a awa ta hannun ejansi. Da na karanta fam 8 a sama sai da gabana ya faɗi. Ban ce ejansin ɗaya ba ne, amma ku san tazarar da ke iya kasancewa tsakanin abin da muke bayarwa da abin da ke isa gare ku.

Abin da ya sa muke bi ta ejansi duk da haka: in malami bai zo ba akwai wanda zan kira, an binciki malamin, kuma ana naɗar darasin. Ƙanwata, in kina son iyaye su riƙe ki, abu biyu ne. Ki zo a kan lokaci, kuma ki san jarrabawar da yaron zai rubuta. Mun taɓa samun malami mai ilimi ƙwarai, amma hanyar WASSCE, jarrabawarmu ta WAEC, yake koyarwa, yaro ya rikice.

Malam na Tafo:
Hajiya ta taɓo abu babba. Lissafin GCSE ba zai ba wanda ya karanta lissafi a jami'a wahala ba, amma salonsa daban. Tun a darasin farko ki tambayi yaro hukumar jarrabawarsa, AQA ce ko Edexcel ko OCR, kuma a wane mataki yake, Foundation ko Higher. Na Foundation darajar sakamakonsa ba ta wuce 5, na Higher shi ke kai wa 9, wadda ita ce mafi girma. Takarda uku suke rubutawa, ɗaya babu kalkuleta. Tsofaffin tambayoyi da tsarin ba da maki suna nan kyauta a shafukan hukumomin. Ki zauna da tsarin makin nan sosai, don suna ba da maki a kan hanyar aiki, ba amsa kaɗai ba.

Yaran kuma ba irin namu ba ne da za ka yi bayani minti ashirin suna shiru. A darasin gwajin nan abin da za su duba kenan: kina tambayar yaro, kina barin sa ya gwada, kina magana a hankali? Ki rage saurin Turancinki. Ki sa fitila a gabanki ba a bayanki ba, ki samu hedfon mai makirufo, don a gidajenmu na haya ba ka da iko da rediyon maƙwabci.

Ki kuma sa a ranki jarrabawar a Mayu da Yuni ake yi. Daga Janairu aiki zai yi miki yawa, Yuli da Agusta kuma kusan babu komai. Abin da kika samu a watannin cika shi zai ciyar da ke a na rani.

Ustaz na Akwatia Line:
A ƙara da maganar lokaci. Mu a nan agogonmu ba ya motsi, nasu yana yi. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris lokacinmu ɗaya da Ingila, sauran watanni suna gabanmu da awa ɗaya. Yaransu bayan makaranta suke karatu, daga huɗu zuwa takwas, wato daidai kan Magariba a nan, wadda ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara. Ki cire wannan rabin awar daga jadawalinki tun farko, kada ki bari sai an saka miki ɗalibi ki fara neman uzuri. Da azumi ma ki tuna.

Ni Alƙur'ani nake koyarwa, yawancin ɗalibaina 'ya'yan mutanenmu ne da ke Bronx a New York da kuma Hamburg. Biyar na yamma a New York goma na dare ce a nan lokacin sanyinsu, tara kuma lokacin zafi. Babu ejansi tsakanina da su, uwa ce ke faɗa wa uwa.

Ɗan Aboabo:
To Ustaz ka ga abin da nake nufi. Hajiya na biyan 30, malami na karɓar 8. Me zai hana bayan wata biyu Malama ta ce wa iyayen su ba ta 18 kai tsaye? Su sun rage, ita ta ƙaru. Wa aka cuta?

Ustaz na Akwatia Line:
An cuci wanda ta sa wa hannu cewa ba za ta yi ba. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawari, ba a ce sai in alkawarin ya yi maka daɗi ba. In sharaɗin bai yi mata ba, yanzu ne lokacin magana, kafin biro ya taɓa takarda.

Ɗan Aboabo:
Su kuma da ke riƙe haƙƙin ma'aikaci wata biyu fa? Ba an ce a biya shi kafin guminsa ya bushe ba?

Ustaz na Akwatia Line:
An ce, kuma nauyin yana kansu. Shi ya sa nake goyon bayan Malam cewa ta nemi a gyara. Amma laifinsu ba ya halatta mata nata.

Hajiya daga Leeds:
Mu ma iyaye akwai irin wannan sharaɗin a takardar da muka sa wa hannu, da tara a kai. Kuma tunda ana naɗar darasi, in malami ya ba da lambarsa suna ji. Hanyar da ba ta da matsala ita ce wadda Ustaz ke bi. 'Yan zangonmu da ke nan suna neman malamin lissafi da za su yarda da shi, wanda zai gaishe su da Hausa ya faɗa musu gaskiyar inda yaro yake. Waɗannan ba ɗaliban ejansi ba ne, babu wanda ya hana ki nemo su da kanki.

Akanta na Sawaba:
Sai dai ki duba kwantiragin ko akwai inda ya hana ki aiki da wasu wuraren. In sun ce ke mai zaman kanki ce, ba su kuma yi alkawarin awa ko ɗaya ba, ba su da hujjar ɗaure ki.

Kafin in manta, haraji. A dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, mazaunin Ghana ana lissafa masa har abin da ya samo daga waje, kuma tun 2021 lambar Ghana Card ita ce lambar harajin mutum. Ejansin ba zai cire miki komai ba, tsakaninki da hukumar haraji ta GRA ne. Ki buɗe littafi tun ranar farko: kwanan wata, ɗalibi, awa, abin da aka biya, abin da kika kashe a data da kayan aiki. Wannan littafin shi ne kuma hujjarki ran da lissafinsu ya saɓa da naki. In kamfanin Amurka ne za su turo miki fom mai suna W-8BEN, kada ki tsorata, shaida ce kawai cewa ke ba mai biyan harajin Amurka ba ce. SSNIT kuma tun 2023 suna da shirin SEED na masu sana'ar kansu, ana zuba 13.5 cikin ɗari na abin da mutum ya bayyana yana samu.

Maman 'Yan Biyu:
Sharaɗin minti goman nan ma kada a wuce shi. Da dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, za ki yi aiki, ƙanwata. Kafin ki karɓi ɗalibi ko ɗaya, ki tabbatar batirin laftof ɗinki yana riƙe awa biyu, ki samu fitila mai caji, ki kuma riƙe layi biyu, MTN da Telecel, ko wanda ya fi ƙarfi a ɗakinki. Ki gwada su da ƙarfe bakwai na dare lokacin da kowa ke kan intanet, ba da safe ba. Ni wayata tana gefe da data a kunne, in ɗaya ya yanke kafin yaro ya gama rubuta amsa na koma ɗayan.

Malama ta Asawase:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rubuta musu jiya, yau sun amsa. Suna biya ta Payoneer. Sun yarda in an soke darasi ƙasa da awa goma sha biyu za su ba ni rabi. Cirewa daga darasi na gaba sun ce za su janye, sai dai kuɗin wanda ya yanke. Ba su hana ni aiki da wasu ba. Amma kwana talatin ɗin nan sun ce haka tsarinsu yake ga kowa, farashin ma ba za su taɓa ba sai bayan wata shida. Sun ba ni imel ɗin wata malama a Nairobi, na rubuta mata ina jiran amsa.

Ɗan Aboabo:
Ashe suna sassautawa. To Yaya ki karɓa mana.

Malam na Tafo:
Maganar wata shidan nan su rubuta ta a cikin kwantiragin, da adadin ƙarin, kada ta tsaya a imel. Ki jira amsar 'yar Nairobi. In ta yi kyau, ki karɓi ɗalibi biyu kacal, ranakun da ba su taɓa aikin makarantarki ba, har sai kuɗin farko ya sauka a hannunki kin ga nawa ya rage bayan canji. Kada ki ajiye aikin Asawase tukuna.

Hajiya daga Leeds:
Ƙanwata, ki turo mini saƙo ta gefe. Akwai wata maƙwabciyata 'yar Yelwa da 'yarta za ta rubuta Higher a Edexcel bana, tun watan jiya take tambayata malama mace.